Edita, kun yabi rawar Madhuri kun manta da wadda ta koya mata

Assalamu alaikum Malam Edita. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya aiki, ya haƙuri da mu masu ƙorafi. Ni tsohon mai karanta jaridarku ne tun lokacin da sai mutum ya taka bakin titi wajen mai jarida, yanzu kuma a waya nake bi, kuma ban taɓa rubuto muku ko layi ɗaya ba sai yau, shi ma dan abin ya tsaya min a rai ne ya ƙi wucewa.

Maganar shafinku na fina-finai ce. Kwanakin baya kun yi dogon rubutu a kan Madhuri Dixit, an yabi kyanta an yabi murmushinta, aka ce wai a tarihin fim ɗin Indiya ba a yi macen da ta kai ta iya rawa ba, aka jero waƙoƙinta reras, na karanta daga sama har ƙasa sau biyu ina neman suna guda ɗaya tak ban gani ba. Saroj Khan. Yo ai mafi yawan waƙoƙin nan da marubucinku ya lissafo ita ce ta zauna ta shirya rawarsu taki bayan taki. Abin ya zama kamar ka tsaya kana ta koɗa ango kan aska takwas ɗin da ke ƙirjin rigarsa, amma ko da wasa ba ka tambayi wane maɗinki ne ya ƙarar da idonsa a kanta ba.

Bari in faɗa maka dalilin da ya sa abin ya dame ni fiye da kowa. A shekarun 1990 ina da ɗan shagon hayar kaset a unguwarmu a nan Kano, rabin kantar duk Indiya ne, sauran kuma Chanis da 'yan na Amurka. Duk wanda ya yi wannan sana'ar zai gaya maka kaset ba ya lalacewa gaba ɗaya lokaci guda, waje-waje yake cinyewa, kuma wajen da yake fara cinyewa shi ne wajen waƙa, saboda nan ne 'yan mata da matan aure suke ta mayarwa baya suna sake kallo har hoton ya fara rawa da kansa yana zane-zane. Sai a dawo min da kaset an ce oga wannan ya lalace, in na saka in duba sai in tarar faɗan lafiya ƙalau, kukan uwar jarumi lafiya ƙalau, waƙar ce kawai ta mutu. Kaset ɗin Tezaab sai da na sake sayen sa ba sau ɗaya ba saboda waƙa guda ɗaya. To duk tsawon shekarun nan ina cin abinci da aikin wannan baiwar Allah, ina biyan haya da shi, har aure na yi da shi, wallahi ban san sunanta ba. Sunayen da ake rubutawa a farkon fim wa yake karantawa? Lokacin ne ake ta gyara zama ana cewa yaro ya matsa ya tare wa mutane talabijin. Mun san Dharmendra sarkin ƙarfi, mun san Sanjay Dutt ɗan daba mai lasin, duk mun raɗa musu suna kamar 'yan gidanmu, amma matar da take sa su Sridevi juyi ko labarinta babu. Sai da intanet ta zo, na koma sana'ar tura fina-finai a waya, sannan na fara bin tarihinta, kuma abin da na gani ya fi fim ɗin da yawa daga cikin waɗanda na ba da haya.

Asalin sunanta ma ba Saroj ba ne, Nirmala Nagpal aka sa mata. An haife ta a Bombay ranar 22 ga Nuwamban 1948, shekara guda kenan bayan an raba Indiya da Pakistan, iyayenta suna cikin waɗanda suka tsallako daga ɓangaren Pakistan suka baro komai nasu a can. Talauci ne ya kai ta fim ba sha'awar suna ba. Ita da bakinta ta sha ba da labarin cewa tana ƙarama sai ta riƙa kallon inuwarta a jikin bango tana motsa hannu tana rawa ita kaɗai, har uwarta ta tsorata ta zaci wani abu ne ya taɓa yarinyar, irin dai abin da a nan za mu ce a kai ta wajen malam a yi mata ruƙiyya, sai ita aka kai ta wajen likita, likitan ya ce lafiyarta lau rawa kawai take so, tunda kuna neman na abinci me zai hana ku kai ta masana'antar fim. Tana da shekara 3 aka fara saka ta a gaban kamera. Sunan ma an canza mata shi ne dan kada dangi su gane 'yarsu na fim, ka ga kenan ba mu kaɗai ne muke kallon ɗan fim a wulaƙance ba, can ma haka abin yake a da.

Da ta ɗan tasa, ta wuce fitowa a matsayin jaririya ba ta kai jaruma ba, sai ta faɗa cikin 'yan rawar baya, waɗannan da ake jerawa a bayan jaruma su ashirin su talatin kaya iri ɗaya, ba wanda yake kallon fuskarsu. A nan ne babban mai koyar da rawa na lokacin, B. Sohanlal, ya lura da yarinyar nan in aka nuna taki sau ɗaya ta ɗauke, nata da na jarumar duka, sai ya jawo ta ta zama mataimakiyarsa. A hannunsa ta koyi Kathak da sauran rawarsu ta gargajiya mai ƙa'ida, wadda kowane motsin yatsa da na ido yake da suna da ma'ana. Sai dai Edita nan wajen akwai ɗaci, domin mutumin nan ya aure ta tana da shekara 13 shi kuma ya haura 40, yana da mata da 'ya'ya huɗu a wani gari bai gaya mata ba, sai daga baya ta sani, aka rabu ya bar ta da yara. Ɗanta Raju Khan shi ma sana'ar ya gada. Ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne har ta tsufa in tana maganar rawa ba ta taɓa hana shi haƙƙinsa na malami ba, tana cewa a wajensa ta koya. Daga baya ta musulunta, a 1975 ta auri Sardar Roshan Khan, daga nan Khan ɗin ya samo asali.

Ka duba lissafin nan da kyau. Ta shiga fim wajen 1951 ko 1952. Ba ta samu an ba ta fim a matsayin ita ce mai shirya rawa da sunanta ba sai 1974, a Geeta Mera Naam, shi ma dan jaruma Sadhana ce ta ba da umarnin fim ɗin ta tsaya mata. Kuma ko bayan nan ba wai duniya ta san ta ba ne, sai da aka shiga shekarun 1980, darakta Subhash Ghai ya ba ta aiki a fim ɗin Hero a 1983, sannan aka zo kan Sridevi. Shekara talatin da ɗoriya mace tana cikin rana tana ƙirga wa wasu taki kafin a fara kiran sunanta. Kuma sana'ar a lokacin ta maza ce, manyan masu koyar da rawa kusan duk maza ne, ita gajeriya ga jiki, in ka gan ta a hanya za ka ɗauka wata hajiya ce mai sayar da atamfa, amma da an saki kiɗa sai ka rasa ina nauyin ya tafi.

Duk Bahaushen da ya kai shekara arba'in ya san fim ɗin macijiya, Nagina na 1986, inda Amrish Puri yake busa Sridevi tana birgima a ƙasa tana fasa kai da hannuwa idon nan ya canza kala. Yara a layinmu har kwaikwayo suke yi a tsakar gida ana duka. To wannan birgimar Saroj ce ta tsara ta. Rawar Mr. India ta 1987 ita ce, ta Chandni a 1989 ita ce.

Sai Madhuri, wadda saboda ita nake wannan dogon surutun. Marubucinku ya rubuta kamar daga sama ta faɗo da rawarta. A'a. Ta iya Kathak tun tana yarinya, wannan gaskiya ne ba mai ƙwace mata, amma tun 1984 take fim ana faɗuwa, ba wanda ya damu da ita, har sai da aka zo Tezaab a 1988 aka haɗa ta da Saroj a waƙar Ek Do Teen, wato ɗaya biyu uku, aka shafe sama da sati biyu ana atisaye kafin a kunna kamera. Wannan waƙar ce ta mayar da ita Madhurin da kuka rubuta, kuma ita ce ta sa yaran Kano da ba su iya ƙirgen boko ba suka iya ƙirga ɗaya zuwa sha uku da Indiyanci. Abin da ya kamata a ce shi ne kan labarinku kuwa shi ne, kafin wannan waƙar kyautar Filmfare, wadda ake ba wa gwanayen fim ɗin Indiya duk shekara, ba ta da rukunin mai shirya rawa kwata-kwata, a 1989 aka buɗe rukunin kuma Saroj Khan ce ta fara ɗauka. Ta sake ɗauka a 1990, ta sake a 1991, shekara uku a jere. Gaba ɗaya sau 8 ta ci, ta kuma ci kyautar gwamnatin Indiya ta ƙasa sau 3, ɗaya a kan Devdas na 2002 inda ta haɗa Madhuri da Aishwarya Rai a rawa ɗaya, ɗaya a kan wani fim ɗin Tamil mai suna Sringaram wanda rawar gargajiya ce zalla, ɗaya a kan Jab We Met da Kareena Kapoor. Waƙoƙin da ta shirya sun haura 2000.

Wani zai ce to meye wahalar, ba rawa ba ce kawai? Nan ne mutanenmu ba su gane ba. Waƙar fim ɗin Indiya tun kafin a je lokeshan an riga an rera ta a situdiyo, jaruma mamin kawai take yi, irin dai yadda namu suke yi. Daga ranar da aka fara ɗaukar waƙa kuma darakta kusan ɗan kallo yake komawa, mai rawa ne yake da filin, shi zai yanka waƙar gunduwa-gunduwa, ya ce wannan baitin daga nesa za a ɗauka, wannan a matso da kamera kan fuska, 'yan baya su shigo ta nan su fita ta can, yana ƙirga kiɗa da baki yana tafi, mataimakansa suna gaba suna nunawa jaruma tana bi. Minti biyar ɗin da kake kallo kana cin gyaɗa wani lokaci aikin kwana da kwanaki ne. Ita kuma Saroj abin da ya raba ta da saura shi ne fuska. Ba ƙafa take fara koyarwa ba, kalmomin waƙar take bi ɗaya bayan ɗaya, in baitin ya ce kunya sai ka ga kunyar a ido, in ya ce kishi sai gira ta ɗaga, in tsokana ce sai a ɗan ciji leɓe a kau da wuya. Shi ya sa mu da ba ma jin yaren, tun kafin a fara fassarar Indiya-Hausa, muke gane abin da waƙa take cewa. Mun ɗauka wayonmu ne, ashe wata ce ta riga ta fassara mana da fuskar jaruma. Ka je ka nemi bidiyonta na shirin talabijin da ta yi tana koyar da rawa wajen 2008, tsohuwa a tsaye da ɗan kwalinta, ta yi kallo ɗaya da gefen ido, wallahi sai ka ga Madhuri sak, sannan za ka gane wa ya kwaikwayi wa.

Masterji suke kiran ta, manya da yaran jarumai, kamar dai mu ce Malam. An san ta da faɗa, ba ta duba girman jarumi in bai yi daidai ba a sake. Shi kansa ɗan daba mai lasin da kowa ya san ƙafarsa ba ta rawa ba ce sai da ta sa ya taka tare da Madhuri a Thanedaar na 1990, an sha maimaici dai kam. In kuma mutum ya burge ta sai ta ciro rufi 101 ta ba shi, kuɗin da bai kai na shayin jarumin ba, amma sai ka ji masu miliyoyi suna alfahari da cewa sun taɓa samun wannan liƙin.

Ba wai ina cewa waliyyiya ba ce, kuma ba fatawa na zo bayarwa ba, na san akwai masu karatu da za su ce duk wannan me ya kawo shi jaridar Hausa, rawa ai rawa ce. Suna da hujjarsu. Ni kaina akwai rawarta da in babba ya shigo shago nake saurin danna gaba, irin ta Beta a 1992 da ta Khalnayak a 1993, wadda ita ta biyun ko a Indiyar sai da aka yi ta hayaniya har gidan talabijin da rediyon gwamnati suka daina sakawa. A 2018 ma ta yi wata katoɓara a gaban 'yan jarida kan masu neman 'yan mata kafin su ba su fim, maganar ta fito kamar tana kare abin, aka yi mata ca har ta ba da haƙuri. Duk wannan a rubuta, ban ce a ɓoye ba. Amma tunda kun riga kun buɗe shafi kun yabi rawar, to adalci shi ne a faɗi mai ita.

Ƙarshenta ma akwai abin dubawa. Zamani ya juya, yara suka taso, su Farah Khan, wadda ba 'yar uwarta ba ce suna ne kawai ya zo ɗaya, ita ma ta samu shiga ne a 1992 a wani fim da Saroj ta bari. Aka koma rawar disko da tsalle-tsalle da yanka hoto da sauri-sauri yadda ko jaruma ba ta iya ba edita zai rufa mata asiri, afuwan Malam Edita ba kai nake nufi ba, na fim. Matar da ta yi mulkin masana'anta ta zo tana faɗa a 2019 cewa ba a ba ta aiki. Waƙarta ta ƙarshe a Kalank ce a shekarar, kuma da Madhurin dai aka yi. Ta rasu ranar 3 ga Yulin 2020 a Mumbai tana da shekara 71, bugun zuciya, ana tsakiyar korona, aka binne ta a maƙabartar Malad da mutane 'yan kaɗan saboda dokar kulle. Allah ya jiƙanta ya yafe mata.

Yanzu bari in dawo gida, dan a nan ne abin ya fi ci min rai. Kowa ya san daga ina rawa da waƙar fim ɗin Hausa ta samo tushe, tun daga zamanin Sangaya zuwa yau, ba abin musu ba ne. Har 'yan bandiri sun ɗauki karin waƙoƙin Indiya sun mayar da su begen Annabi. To amma ka taɓa jin an ce ga gwarzon mai koyar da rawa na shekara a Kannywood mutane suka san shi kamar yadda suka san mawaƙi? Ina da ƙani uwa ɗaya uba ɗaya, a shagona ya tashi, kaset ɗin nan da nake cewa suna cinyewa har da hannunsa a ciki, yaron nan in ya kalli rawa sau biyu ya haddace. Wani kamfani da ba zan kama suna ba suka ɗauke shi ya koya wa jarumansu rawa, kwana uku a wani lambu a bayan gari, tun safe har magariba yana ƙirga musu, jarumar ko ɗaga hannu ba ta iya ba sai da ya yi ta fama. Waƙar ta fito ta yi kasuwa, gidan biki duk ita ake sakawa, 'yan mata suna yin takin da ya ƙirƙiro a ɗakinmu a gaban madubin innarmu. Abin da aka ba shi kuɗin mota ne da shinkafa a leda. Muka zauna muka kalli fim ɗin har ƙarshen sunaye, an rubuta direba, an rubuta mai abinci, har wanda ya ba da aron gida an yi masa godiya, nasa babu. Ya yi musu biyu ya bari. Yanzu Adaidaita yake ja, in waƙar ta zo a rediyo sai ya canza tasha.

Kuma ina ganin rashin ɗaukar abin a matsayin sana'a shi ya sa rawar tamu ta tsaya waje ɗaya, a jera a lambu, a kaɗa kafaɗa, a nuna sama a nuna ƙirji, saurayi ya bi budurwa ta zagaya bishiya. Kwafin kwafi muke yi. Ita Saroj ba haka ta yi ba, gida ta koma ta ɗebo, Kathak ɗin da ta koya da rawar ƙauyukansu, ka duba abin da ta yi da Aishwarya a Hum Dil De Chuke Sanam na 1999 a kan wata tsohuwar waƙar mutanen Rajasthan, shi ma sai da ya ciyo mata kyauta. Mu ina Koroso, ina Asauwara, ina takai, ina rawar 'yan mata ta dandali da gaɗa da iyayenmu suka yi da tafi kawai ba ko ganga? Wa ya zauna ya koye su da ƙa'ida har zai iya yanka su ya jera wa kamera? Ba wanda zai ɓata shekara goma yana koyon abin da ya san ko sunansa ba za a rubuta ba. Kuma da an bi ta nan ɗin ina ga ko rigimar da ake yi da hukumar tace fina-finai kan rawa da ta ragu, dan ba wanda zai ce gaɗa baƙuwa ce, amma wannan ra'ayina ne kawai.

Dan haka roƙona biyu ne Edita. Na farko a fitowa ta gaba ku ɗan gyara, ko layi uku ne, ku ce rawar nan da muka yaba Saroj Khan ce ta shirya, ku sa hotonta mutane su ga fuskarta. Na biyu ku tura wakilinku lokeshan ya nemo masu koya wa jarumanmu rawa ya yi hira da su, ya tambaye su nawa ake biyansu, suna nan da yawa ba wuyar samu gare su ba. In ya rasa ta inda zai fara ya zo Farm Centre ya tambayi mai tura fim ɗin da yake da furfura a gemu, zan haɗa shi da ƙanina, in dai ya yarda ya yi magana, dan har yanzu in na tayar masa da zancen cewa yake Yaya dan Allah bar maganar nan.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku, tsohon mai hayar kaset, daga Kano.